Jinin da Baba ya ce alamar ƙarfi ne

Assalamu alaikum jama'a. Na daɗe ban ce komai a nan ba, har wasu sun ɗauka waya ce ta lalace. Waya lafiyarta lau. Kunya ce ta rufe min baki, sai ciwo.

Da yawanku kun ga bidiyon nan nawa a filin ƙwallon raga na Mafara, farin wandona ya jiƙe da jini. Wasunku kun yi dariya, na ga sunayenku. Yau ku ji abin da bai shiga bidiyon ba.

Babana leburan aikin dam ɗin Bakolori ne tun yana saurayi. Wajen Turawan da suka yi aikin ya ga ƙwallon raga, ya koya, ya kawo ta ƙauyenmu kusa da Tsibiri. Burinsa ɗaya a duniya, ya ga ɗansa cikin rigar ƙungiyar ƙasa. Allah ya ba ni tsawo, sai ya zama ni ne ɗan.

Shi ya ƙirƙiro horonsa. Kowace safiya in shiga kanal, magudanar ban ruwan dam ɗin, ruwa iya ƙirji, in yi ta tsalle. Ya ce wanda ya saba tsalle cikin ruwa, a tudu tashi zai yi kamar tsuntsu. Kuma gaskiya na tashi. Daga Bakura har Maradun ba mai tare dukana.

Jinin ya fara ne ɗan kaɗan a ƙarshen fitsari. Na faɗa wa Baba, ya yi murmushi.

"Wanga ai balaga ce. Duk namijin da ka gani a bakin kanal ya yi shi. Ni ma har yau ina yi."

Na yarda, don duk abokaina ma suna yi. Har gasa muke wa ya fi ja.

Sai mara ta fara zafi. Fitsari ya koma azaba, in tsuguna in yi ta nishi. Numfashi ya riƙa ƙare min tun ba a yi nisa da wasa ba. A daidai lokacin kocinmu ya ce an ba shi gurbin mutum ɗaya a sansanin zaɓen 'yan wasan ƙasa da za su je gasar Afirka, kuma ni ya zaɓa. Baba ya sayar da ragonsa ya saya min takalmin wasa.

Inna ta ce a kai ni asibiti tukuna. Baba ya ce a'a.

"In likita ya rubuta ba shi da lafiya, wa za shi ɗauke shi? Ya dawo, a kai shi."

Ranar wasan bankwana na yi tsalle, na ji wani abu ya tsinke a marata. Na faɗi. Bashiru, abokina da ke ɗaga min ƙwallo tun muna yara, shi ya riƙe waya yana cewa, "Ku taho ku ga Mai Haila!" Sunan ya bi ni har kasuwar Morai.

A asibitin Sakkwato aka ɗebi jini da fitsari, aka yi hoton ciki. Likita ta ce tsargiya ce, tsutsa ce da ke fitowa daga dodon koɗin kanal ta huda fata. Ta ce mafitsarata duk gyambo, gudan jini ya toshe hanya, ƙoda ɗaya ta kumbura. Ta dubi Baba ta ce, "Ƙwayar da ake raba wa yara a makaranta da ta kashe ta tun farko." Ni ban daɗe a makaranta ba, ban taɓa samun rabon ba.

Aka sa min robar fitsari, aka ƙara min jini, aka shiga tiyata. Inna ta sayar da shinkafar da muka ajiye ta ci. Abin da na fi tsoro shi ne jakar fitsarin da ke rataye a gefen gado. Kowace safiya ita nake fara dubawa, in ga ko jan ya ragu.

Koci da Bashiru sun zo duba ni. Bayan doguwar gaisuwa koci ya ce gurbi ba ya jiran mara lafiya, Bashiru ne zai tafi. Sai ya ce, "Takalmin nan fa? Kai dai ba tafiya kake ba." A gabana Bashiru ya gwada su, ya yi tsalle sau biyu kusa da jakar fitsarina, ya ce sun ɗan yi mai yawa amma zai cusa tsumma.

Baba ne ya miƙa musu ledar takalmin.

Ranar da jakar ta fito fara tas na yi kuka. Ranar da na dawo gida, maganar Baba ta farko ita ce, "Yaushe za ka koma kanal?" Na ce har abada. Tun ranar gaisuwa kawai ke haɗa mu. Ya ƙi zuwa a auna shi.

Alhamdulillahi na warke. Na gode wa Inna, da likitar nan, da ma'aikacin jinya da ke juya ni ba ya yatsina fuska, da baƙon da ya ba ni jininsa ban san sunansa ba.

Shawarata: jini a fitsari ba balaga ba ce, ciwo ne, ku kai yaro asibiti tun yana ɗigo. Masu aiki a kanal ku sa takalmin roba, ku sha maganin in an kawo. Yaran da nake koya wa yanzu a yashi suke tsalle.

Bashiru, na ji an sallamo ka daga sansani tun makon farko. Ka riƙe takalmin, na yafe shi. Sunan da ka sa min ne har yau yara ke kira na da shi a hanya, shi kam ban yafe ba.