Shafin da Ya Kusa Kashe Baffana

Shekaru sun ja, abubuwa da yawa sun ɓace mini, har sunayen wasu da muka yi aiki tare sai na yi da gaske nake tunawa. Amma akwai abu ɗaya da na tabbata ba zan manta da shi ba har in koma ga Mahaliccina, wato yadda shafi guda na wani littafi ya kusa sa a kashe ƙanin mahaifina, da yadda na bi marubucin har zaurensa.

Lokacin ina koyarwa a wata firamare a Kiru, wajen ƙarshen shekarun 1980, ban daɗe da aure ba. Ni mayyar karatu ce tun ina kwalejin horon malamai, kuma ban cika damuwa da ƙagaggun labarai ba. Na fi son littafin da zai ce mini ga abin da ya faru da gaske, ko labarin matafiyin da ya ratsa ƙasashe, ko rikicin 'yan siyasar da sojoji suka kifar, har ma da littattafan ƙididdiga masu cike da lambobi waɗanda abokan aikina ke cewa kallonsu kaɗai ciwon kai ne. Maigidana malamin gona ne, duk sanda aiki ya kai shi Kano sai ya biya wajen masu baza littattafai ya yo mini tsaraba. A lokacin, in na ga magana a buge da inji, kuma an ce ba ƙirƙira ba ce, to a wurina ta zauna.

Wata rana ya kawo mini wani ɗan littafin Hausa mai siririn bango, wanda wani tsohon jami'in 'yan sanda ya rubuta bayan ya yi ritaya. Labarin 'yan fashin hanyar dajin Falgore ne, da yadda aka yi fama da su a zamanin da yake aiki a yankin. Zan faɗi gaskiya, littafin ya yi kyau. Kafin shi, mutanenmu sun yi imani cewa 'yan fashin nan layar zana gare su, ɓacewa suke yi. Shi ya bayyana cewa babu wata ɓacewa, hanyoyin ƙafa ne na cikin daji suka sani kamar tsakar gidansu. Ya faɗi yadda suke datse hanya da kututture a bayan kwanar titi, da dalilin da ya sa bai kamata mota ɗaya ta shiga dajin ita kaɗai ba. Bai ma ɓoye cewa akwai masu kaki da ake haɗa baki da su ba, abin da ba kowa ke da zuciyar rubutawa ba a zamanin soja. Na ji cewa har a tashoshin mota ana samun mai karatu ya karanta wa direbobi, kuma sun amfana, don daga nan suka fara jiran juna su shiga dajin a jere.

Ina cikin jin daɗinsa na iso wani shafi wajen tsakiya. Marubucin ya ce 'yan fashin suna da ɗan leƙen asiri a ƙauyen ƙarshe kafin a shiga daji daga wajen Tudun Wada, wani mai facin taya ne mai ɗingishi. Wai in motar 'yan kasuwa ta tsaya a ƙara wa tayarta iska, sai ya rataya tsohuwar taya mai jan fenti a reshen ɗorawa, alamar cewa ga masu kuɗi nan tafe. Bai ambaci suna ba.

 Mai faci ɗaya ne a ƙauyen nan, kuma Baffana ne. Shan inna ta taɓa masa ƙafar hagu tun yana ƙarami, shi ya sa bai bi shanu ba kamar 'yan uwansa, ya koyi faci ya haɗa da ɗan nomansa. Jar tayar kuwa na san ta tun ina yarinya. In yana rumfa sai ya rataya ta don direba ya hango daga nesa, in zai tafi masallaci ko gona sai ya sauke. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, saboda haka bai taɓa kirana da komai ba sai Uwata. Shi ya kai ni makarantar kwana a bayan kekensa, da ƙafar nan tasa.

Na nuna wa maigidana, muka yanke cewa ranar Asabar za mu je mu sanar da shi. Ba a kai Asabar ɗin ba wani ɗan ƙauyen ya iso da saƙo cewa in zo maza.

Damina ce, hanya duk ta caɓe. Muka hau mota zuwa Kwanar Dangora, muka canza wata zuwa Tudun Wada, sannan muka sami ta Doguwa ta sauke mu a bakin ƙauyen. Abin da na fara gani shi ne inda rumfarsa take, ba komai sai toka da ruwa ya jiƙa da wayoyin tayoyin da suka ƙone. Matarsa ce ta ba ni labari tana kuka. An tare wata motar 'yan kasuwa da hantsi, an harbi direban, ya cika kafin a kai shi asibiti. Da abokan aikinsa suka dawo daga jana'iza, wani ya ce ai ga wanda littafi ya faɗa can yana zaune lafiya. Suka yo kansa. Sun fasa masa goshi, sun fara jansa a ƙasa, sai limamin garin ya shiga tsakani ya rufe shi da babbar rigarsa, ya ce sai dai su haɗa da shi. Da haka aka samu aka shigar da shi gidan mai gari.

A can na same shi kwance a kan tabarma, an ɗaure masa kai da tsumma. Da ya gan ni sai ya yi ƙoƙarin tashi zaune.

"Uwata, ke ce mai karatu," in ji shi. "Wai da gaske ina cikin littafi?"

Na ce, "Kana ciki, Baffa."

"To shi mai littafin ya san ni ne? Ni dai ban tuna na taɓa yi wa wani babban ɗan sanda faci ba."

 Tambayar tasa ita ce na ɗauka na tafi da ita, don ni ma ita nake so a amsa mini.

A bayan littafin an rubuta cewa marubucin ya koma garinsu Bebeji da zama. Maigidana ya ce mu nemi wani babba ya shige mana gaba. Na ce a'a, ni na karanta littafin daga farko har ƙarshe, ni zan yi magana, shi dai ya raka ni. Ba don rashin kunya ba, na dai san abin da zan faɗa kuma na san gaskiya ce.

Muka same shi da safe a zaurensa, dattijo ne dogo, fari tas da furfura, yana sauraren rediyo. Bayan mun gaisa, na durƙusa na ajiye littafin a gabansa. Fuskarsa ta washe, ya zaci yabo na kawo. Na kuwa fara da yabon, don ya cancanta. Na gaya masa abin da littafin ya yi wa direbobi da matafiya. Sannan na buɗe shafin na karanta masa a bayyane, na ce mutumin nan ƙanin mahaifina ne, yanzu haka yana kwance da fasasshen kai.

Ya kashe rediyon. Ya ce, "Subhanallahi. Amma Malama, ai ban ambaci sunan kowa ba."

Na ce, "Ranka ya daɗe, masu faci nawa ne masu ɗingishi a bakin dajin nan?"

Ya sunkuyar da kai yana duba shafin.

Na ce, "Baba, don Allah wa ya gaya maka?"

Ya ce ɗaya daga cikin waɗanda suka kama ne ya faɗa a lokacin bincike. Na tambaye shi ko sun bi maganar. Ya ce sun bi, ya tura ɗan sandan ciki ya zauna a ƙauyen na wani lokaci yana lura, ba a ga komai ba, shi ya sa ba a kama shi ba. Ya ƙara da wata magana da ban zaci zan ji daga bakinsa ba. Ya ce, "Mutum in yana shan duka, duk wanda ya zo masa a rai zai ambata don a sarara masa. Wannan na sani."

Na ce, "To me ya hana ka rubuta haka?"

Ya daɗe yana juya littafin a hannunsa. Daga baya ya ce da farko ya rubuta, amma da ya sake karantawa sai ya ga labarin ya yi sanyi a wurin. Jar taya a kan ɗorawa abu ne da mai karatu zai riƙe, amma a ce an bincika ba a sami komai ba, wannan ba ya jan hankalin kowa. Sai ya soke layin.

 Mutumin nan ba maƙaryaci ba ne. Duk abin da ya rubuta, an faɗa masa. Layi ɗaya kawai ya cire don labari ya yi daɗi, kuma a cikin layin nan ran Baffana yake.

Na ce masa ban zo neman a biya mu komai ba. Abin da nake roƙo shi ne ya zo da ƙafarsa ya faɗa wa direbobin abin da ya faɗa mini. Maigidana ya ɗan taɓa ni, yana ganin na wuce gona da iri. Amma dattijon ya ɗaga kai ya ce, "Yaushe ce kasuwar garin?"

Ya kuwa zo. Ranar kasuwa, bayan azahar, mai gari ya sa aka tara direbobi da shugabansu a tasha, aka kuma kawo Baffa. Ni ina can gefe cikin mata masu sayar da fura, ina jin komai. Dattijon ya tsaya ba tare da sanda ba, ya ce shi ne ya rubuta littafin, kuma shi ne ya jagoranci binciken. Ya ce an bi mai facin nan an lura da shi, ba a same shi da laifin komai ba, kuma ya san haka tun kafin ya rubuta. Ya ce kuskuren nasa ne, jinin da aka zubar a goshin bawan Allah nan yana da kaso a ciki.  Can daga baya wani ya ce, "An dai ba tsoho wani abu." Shugaban direbobin ya juya ya daka masa tsawa, sannan ya tako ya durƙusa gaban Baffa ya kama hannunsa.

Marubucin ma ya matso ya nemi gafara. Baffa ya dube shi ya ce, "Na yafe maka, Alhaji, duniya da lahira. Waɗannan sun ji daga bakinka. To na Kano da na Jos da suka karanta fa, su wa zai gaya musu?"

Dattijon ya yi alkawarin gyarawa in za a sake bugawa. Na yarda cewa da niyyar cikawa ya faɗa, amma ba a sake bugawar ba. Takarda ta yi tsada a shekarun nan, shi kuma bai daɗe ba ya rasu, Allah Ya jiƙansa. Direbobin hanyar sun haɗu sun sake kafa wa Baffa rumfa, aiki ya dawo, ko da yake bai koma kamar da ba. Har ya bar duniya, akan sami baƙon direba da zai tsaya, ya ga ɗingishinsa, ya yi sauri ya ja motarsa da taya ba iska.

Ban daina karanta irin waɗannan littattafai ba, kuma ba zan ce wa kowa ya daina ba. Da su na san duniyar da ƙafata ba ta taka ba, kuma na ga yadda guda ɗaya ya ceci matafiya a hanyar dajinmu. Sai dai tun daga ranar na canza yadda nake karatu. In matafiyi ya ce mutanen gari kaza marowata ne, sai in tambayi kaina ko kwana ya yi a garin ko shan ruwa kawai ya tsaya. In ɗan siyasa ya ba da labarin rikici, sai in nemi abin da ɗaya ɓangaren ya ce. Ko lambobin ƙididdiga na gani, ina so in san wa ya je ya ƙirga, kuma ko ya tsallake rafi ya isa rugar da ke bayansa. Ɗalibaina sun gaji da jin wannan daga bakina har na yi ritaya.

Darasin da na koya shi ne, littafi zai iya kasancewa duk abin da ke cikinsa gaskiya ne, ya kuma zalunci mutum da abin da aka cire. Saboda haka in ka karanta an ɗora wa wani laifi, kafin ka yarda, ka duba ko marubucin ya je ya tambaye shi. In kuma kai ne mai alƙalamin, ka tuna cewa wanda kake rubutawa a kansa yana da gida da iyali, kuma wataƙila bai iya karatu ba balle ya kare kansa.