Ranar da Kwamfutar Darakta Ta Yi Barci

Har gobe ba zan manta da Litinin ɗin da aka ba ni takardar tuhuma don na yi aikina daidai ba. Lokacin ina ƙaramin ma'aikaci mai kula da kwamfutoci a wani ofishi a Azare, ko tabbatar da ni ba a yi ba. Wayar salula ma ba ta daɗe da shigowa gari ba.

Kwamfutocinmu tsofaffi ne, na sa musu manhajar Linux. Ko babu mai taɓa su haka suke zuƙar wuta, in an ɗauke kuwa batirinmu ba ya kai azahar. Maganin yana cikin kanel, wato zuciyar manhajar da ke juya injin. A saitinsa akwai wurin kunna tattalin wuta, in ka kunna sai ka sake haɗa kanel ɗin gaba ɗaya. Asabar guda na yini a kai. Daga nan duk kwamfutar da ta yi minti goma ba a taɓa ta ba, sai allonta ya mutu, ta yi barci.

Ranar Litinin baƙi suka zo daga Bauchi duba aiki. Daraktanmu, Alhaji, masinja ke kunna masa tasa da safe, ta yini tana haske a gefensa. Yana cikin gaya musu yadda yake kwana ya tashi a kanta, sai allon ya yi baƙi ƙirin.

Ɗaya daga cikinsu ya ce, “Barci ta yi, Alhaji. Motsa linzaminta kawai.”

Alhaji ya duba tebur, ya duba ƙasa. Ashe tuni ya sa an cire linzamin, wato maus ɗin da ake ja da hannu, an jefa a durowa, wai yana tare masa wurin ajiye kofin shayi.

Suna fita ya kira ni, ya miƙo mini takardar tuhuma. “Kai ka lalata kayan gwamnati?”

“Ranka ya daɗe, wuta nake tattala mana.”

“Wutar gidanku ce? Ni ban yi barci a bakin aiki ba, sai ita? Ka tashe ta yau, ko ka nemi wani aikin!”

Na kashe saitin a tasa kaɗai, na bar sauran. Washegari ya yage takardar, ya yabe ni gaban kowa, ya ce yaron nan ya san gyara. Da wannan yabon aka tabbatar da ni.

Ku da kuka shigo yanzu, kafin ku gyara inji, ku fara tambaya ko mai shi aiki yake so ya yi masa, ko dai a gan shi a kunne.