Riƙon Gaisha

Ranar Talata ce, cikin kaka. Na tashi da asuba na jiƙa wake, don ƙosai nake sayarwa bakin masallacin ƙauyenmu, yamma da Konni. Maza sun fita gona ɗaurin damman hatsi tun rana ba ta ɗaga ba. Gaisha na zaune gindin murhu tana cin ɗumame, rabi bakinta rabi bakin akuya, ina yi mata faɗa.

Gaisha ɗiyar riƙona ce. Duk wanda ya dube mu ya san ba ni na haife ta ba. Ni baƙa ce, ita fara, gashi har kafaɗa. Uwarta Buzuwa ce, cikin makiyayan da ke sauka gonakinmu bayan an cire hatsi, ta rasu wajen haihuwarta. Uban ya kawo mini jaririya cikin zane, da akuya mai nono, gaban maigari da liman, ya ce in riƙe. Anka yi fatiha. Haka ake riƙo a wurinmu, ba takarda. Shekara biyar, uban bai sake waiwayo mu ba.

Da hantsi mai ya yi zafi, na jefa ƙosan farko. Gaisha na kusa da ni tana gyara itace. Sai ƙarar babura daga kudu, ta wajen iyaka. Ba ɗaya ba, ba biyu ba. Karnuka sunka fara haushi. Sannan harbi, da tsawar wani cikin masu baburan.

"Kowa ya kwanta!"

Maigari ya fito da babbar rigarsa, hannu sama, zai yi musu magana. Ba su bari ya buɗe baki ba, sunka harbe shi. Liman ya ruga ya ɗaga shi, shi ma ya faɗi kansa. Da idona na gani, tsakanina da su bai fi tsawon tabarma uku ba.

Na kifar da kaskon. Na goya Gaisha, na bi bayan masallaci, na faɗa gonar dawa, don dawa ba a yanke ta ba tukuna. Munka kwanta cikin kara, fuska a ƙasa. Ina jin kukan shanu ana kora su. Ina jin warin hatsi yana ƙonewa cikin rumbuna.

Wajen azahar harbi ya tsaya. Babura biyu sunka zagayo gefen gonar, a hankali. Wani ya ɗaga murya, murya mai daɗi kamar ta ɗan uwa.

"Ku fito, mu na gwamnati ne. Mun kore su."

Wata mata gabas da mu ta amsa, ta miƙe da ɗanta. Na ji harbi biyu. Ban ƙara jin ta ba.

Na sa bakina cikin kunnen Gaisha. Na ce duk mai bindiga da ya yi miki magana, kada ki amsa. Ko ya ce wace ce ke, ko ya ce wace ce ni, ko ya ce shi na gwamnati ne. Ta gyaɗa kai. Yarinya ce mai riƙe magana.

Da baburan sunka yi nisa munka ja ciki har ƙarshen gona, sannan munka miƙe munka yi arewa. Ba takalmi. Ƙarangiya ta cika zanena. Gaisha ba ta yi kuka ba, ko ruwa ba ta roƙa ba. Da la'asar munka kai kwalta. Wata babbar motar siminti da ke komawa Malbaza ba kaya ta tsaya, direban ya kwashe mu tare da mutanen wasu ƙauyuka da ban sani ba. Matan ƙauyenmu sun bi wata hanya.

Dab da magariba munka iso shingen shiga Konni. Anka sauke mu, ana ware yaran da sunka zo ba iyaye. Wani jandarma ya dubi Gaisha, ya dube ni.

"Inna, ɗiyarki ce?"

Na ce riƙo ce.

Ya ce takarda fa? Na ce babu. Ya ce shaidu? Na ce maigari da liman. Ya ce ina suke? Na ce suna kwance bakin masallaci.

Bai yi mini tsawa ba, gaskiya a faɗe ta. Ya ce kan hanyar nan ana ƙetarewa da yaran mutane, an umurce su su bincika. Ya tsuguna gaban Gaisha, bindiga rataye a kafaɗarsa.

"Ƴar fara, wace ce wannan?"

Shiru.

"Kin san ta?"

Shiru. Na ce, Gaisha, yi magana, wannan na gwamnati ne. Ta ɗago ido ta dube ni, ta ƙara rufe baki. Haka wancan ma ya ce cikin dawa.

Anka ɓamɓare hannunta daga zanena. Nan ma ba ta yi kuka ba. Ni na yi ihun, har anka riƙe ni.

Da safe na tafi buron kare yara, ofishin gwamnati mai kula da su. Madam ɗin da ke wurin ta ba ni kujera, na ce ban zo zama ba. Ta ce an sa Gaisha gidan wasu mutanen kirki da gwamnati ke ba riƙon yara irin wannan, tana ci tana sha. Na ce ashe gwamnati ma na riƙo. Ta ce tana yi. Na ce to nawa riƙon me ya rasa? Ta ce hatimi.

Na yi yawo har Tsarnawa na nemo matan ƙauyenmu, sunka zo sunka yi rantsuwa cewa a bayana yarinyar ta girma. Ita ma Gaisha ta buɗe baki a gidan da anka sa ta, inda ba mai bindiga. Abin da ta fara faɗi shi ne a kai ta wurin Inna. Madam ta yarda ban sato ta ba, har ta ba ni haƙuri. Amma ta ce magana ta riga ta shiga hannun alƙalin yara, kuma doka ta ce sai an fara neman dangin jini. In ba a same su ba, sannan a duba nawa. Anka sa cigiya a rediyo.

Na ce jinin nan ina yake lokacin da ƙyanda ta kwantar da ita? Ta ce, Inna, ba ni na rubuta dokar ba.

Ana barina in gan ta ranar Juma'a, bayan an sauko. In tafi da ƙosai, in yi mata kitso, in dawo. Kowace Juma'a sai ta tambaye ni ko yau ne.

Kafin sanyi ya fita wani mutum ya zo daga arewa da rawani, ƙanen ubanta. Uban ya rasu, in ji shi. Bai taɓa ganin Gaisha ba. Mutum ne mai kunya, ya durƙusa ya gode mini, ya ce ɗiyar wansa ba za ta zauna hannun wasu ba yana da rai. Ya yi mata magana da Buzanci. Ba ta ji ko kalma ɗaya ba. Alƙali ya ba shi ita.

Wasu na cewa da na ce ɗiyata ce a shingen, da an bar mu. Wataƙila. Wasu na cewa ni na rufe mata baki. Na rufe, kuma da ban rufe ba da mu biyu muna cikin dawar nan.

Motar zuwa garin Tawa ta tashi da hantsi. An zaunar da Gaisha gefen taga. Ta ce, Inna, ke wace mota za ki shiga? Na ce ta baya.

Mun koma ƙauye da damina, mu da munka rage. In ana lissafin abin da anka rasa ran nan, ana faɗin maigari, da liman, da matar nan da ɗanta, da mazan da anka tarar a gona, da shanu, da rumbuna. Ni ana cewa Allah ya tsare ni, ban rasa kowa ba. Gaisha ba ta cikin lissafin, tunda tana da rai.