Hanyoyi Uku na Kwashe Karatun Malam

A shekarun da nake riƙe da shagon buga takardu a Birnin Kudu, ƙa'idata ɗaya ce: ba na fara aiki sai na auna shi.

Wata Laraba da hantsi wani direba ɗan Dingaya ya shigo rungume da kwamfuta a cikin bargo. Ta yayansa ce, malamin da ya rasu bayan Sallah. Sautin tafsirin da ya yi shekara da shekaru yana cikin faifan ajiyarta, kuma babu shi a ko'ina sai nan. Da na kunna, sai na ji faifan yana ƙas-ƙas. Na kashe nan take. Faifan da ya fara wannan kuka wataƙila tashi ɗaya ya rage masa, don haka dole a kwashe abin cikinsa ta hanya mafi sauri.

"Malam, jona ka kwashe kawai," in ji shi. "Fasinjan Gwaram na jira na."

"Su jira, Alhaji. Ba a gwada zurfin rafi da saniya mai ciwo."

Na ɗauko wani faifai nawa lafiyayye, na zaɓi fayil guda, na ce zan tura shi cikin kwamfutata ta hanya uku. Agogon bangona ya tsaya, sai na ba shi carbi ya riƙa ja.

Ta farko, baƙin ramin USB, inda ake soka waya daga waje. Ya zagaye carbi sau biyar, har da hamma.

"Wannan ai hanyar garinmu ce da damina," ya ce.

Ta biyu, shuɗin ramin USB da ke bayan akwatin kwamfutar. Bai cika zagaye biyu ba.

"To, mun hau kwalta. A tsaya nan mana!"

"Saura ɗaya. Ja carbinka."

Na kwance murfin kwamfutata, na haɗa faifan kai tsaye da jar wayar ciki da ake kira SATA. Kafin ya kai ƙarshen zagayen farko an gama. Na rubuta sakamakon ukun a jere a bayan wata takarda, na ja layi ƙarƙashin na ƙarshe. Sannan ne na ciro faifan marigayi, na yi bisimilla, na jona shi da jar wayar.

Sau biyu aikin yana tsayawa cik, kukan yana ƙaruwa. Alhaji bai sake maganar fasinja ba. Ya aika su bi wata mota. Ana kiran Azahar fayil na ƙarshe ya wuce.

Bayan mun yi sallah na buɗe fayil na farko. Murya ta fito, siririya, da ɗan tari kafin a'uziyya. Alhaji ya sauka daga benci, ya cire takalmansa, ya tanƙwashe ƙafa a kan siminti kamar yadda ake zama gaban malami. Sai da aka kai aya ta uku ya ɗago.

"A yi min kwafi biyu," ya ce. "Ɗaya na masallacinmu. Ɗaya na Inna, ta ce gidan ya yi mata shiru."