Malam Manasse da Amyar da Aka Ƙona

Ƙarfe shida da rabi na safe Malam Manasse yake jingine kekensa a gindin darbejiya, a wata firamare da ke unguwar Bulabulin. Kafin ya taɓa alli sai ya zaga bayan aji, inda ya kewaye ɗan fili ya shuka kabewa da kuɓewa. Nan yake tsugunar da yara su yi shiru, su ga ƙudan zuma ya shiga fure ya fito da ƙafafu rawaya, ya faɗa wani furen. Yakan ce musu garin furen da ya manne masa shi ke sa fure ya haihu, malam-buɗe-littafi ma ba yawon banza yake yi ba, aikinsa ke nan. Da yawa cikin yaran 'ya'yan manoma ne da rikici ya koro birni, ba su taɓa taka gonar iyayensu ba.

Unguwa kuwa dariya take masa, kuma babu wanda ya kai Alhaji Babagana, shugaban iyayen yara, mai lambun kankana a hanyar Alau. Ya sha faɗa a majalisa cewa an tura yara karatu, malami ya mai da su masu gadin ƙwari. Ranar da zuma ta harbi wata yarinya a fatar ido, sai ya sami abin da yake nema. Ya sa aka sauko da amyar da Malam ya rataya a can ƙarshen fili aka banka mata wuta, ya rubuta koke zuwa ofishin ilimi, iyaye suka yi layi suna sa hannu. Aka karɓe ajin Malam aka ba shi mabuɗin ɗakin karyayyun benci. Kashegari ma ya zo ya ba kabewarsa ruwa.

Bayan shekara biyu kankanar Alhaji ta ƙi. Ga yaɗo kore shar, ga fure birjik, amma 'ya'yan da sun kai girman goro sai su yi rawaya su zube. Ya ƙara taki, ya ƙara feshin maganin ƙwari kowace safiya, abin sai gaba yake. 'Yarsa Siddiƙa, wadda ta yi aji huɗu a hannun Malam, ta bi shi lambu wata Asabar, ta duba ta duba.

"Baba, yaushe rabonka da ganin ƙudan zuma a nan?"

Ta tsinko namijin fure ta goga a kan macen, mai ɗan ƙullutu a ƙasa, ta ɗaura jan zare. Kashegari ta zo da ƙawayenta biyar suka bi kunya-kunya suna yi. Cikin kwana goma masu zare suka fara tasawa, marasa zare suka zube kamar da.

Alhaji ya yi mako yana juya abin a ransa kafin ƙafarsa ta iya kai shi makaranta. Ya tarar da Malam yana buga wa benci ƙusa. Ji ya yi kamar ƙasa ta tsage ya shige.

"Malam, da kunya na zo. Na zalunce ka."

"Zauna, Alhaji. In za ka yi feshi, ka bari sai yamma, fure ya rufe. Da safe ƙudan zuma suna bakin aiki."

Iyakar abin da ya ce ke nan, kuma Alhaji ya rantse da zaginsa aka yi da ya fi masa sauƙi. Ya je ofis ya janye koken, aka ce masa takardar da ta shiga fayil ba ta fita. Ba shi kaɗai ke da wannan kunya ba. Mai wannan rubutu ma ya sa hannu a koken, ko karantawa bai yi ba.

Malam Manasse, mutumin Marama, kai ne ka koya wa 'ya'yanmu abin da mu masu gemu ba mu sani ba, muka saka maka da wuta. Kai ne aka raba da aji, ka ci gaba da koyarwa ta bayan taga. Mun gode, Allah ya saka da alheri, ka yafe mana. Malamai masu tasowa, ga abin koyi: ku fitar da yara su ga abu da idonsu.

Ƙarshen watan nan Malam zai ajiye aiki bayan shekara talatin da biyar, da sharrinmu a fayil ɗinsa. Alhaji Babagana yana bi gida-gida da sabuwar takarda mai faɗin gaskiya, don a ɗora ta a kan waccan. Wanda ya san hannunsa yana kan ta farko, kada ya ce ba ya gida.