Minti Huɗun da Mai Kaset Ya Yanke

Har yanzu Mai Kaset ake ce masa, ko da yake rabon da wani ya shigo shagonsa neman kaset an fi shekara goma sha biyar. Gyaran rediyo da lasifika yake yi, a wani ɗan ɗaki da in ka buɗe hannuwa sai ka taɓa bango da bango. Gajere ne, mai ƙaramar murya, bai iya musu ba ko a kan abin da ya gani da idonsa. Matarsa, Allah ya jiƙanta, takan ce da wani zai tsayar da shi a hanya ya ce ya ba da hularsa, miƙawa zai yi, ya ƙara da tambayar ko ana son takalmin ma. Abin da Allah ya ba shi kunne ne. Daga tsallaken titi zai ji lasifika ya gaya maka wace waya ce ta saki a cikinta.

Kunnen nan ne ya kai shi gaban Malam tun yana saurayi. Malam mai wa'azi ne, ranar karatunsa zaure kan cika har mutane su zubo titi. Aikin Mai Kaset ya jona wayoyi, ya zauna a gefe da abin sauraro a kunne yana ɗaukar karatun. Washegari ya kwafa a inji mai baki biyu, ya rubuta kwanan wata da biro a jikin kowane kaset. Shekara tara yana wannan aiki. Yana son Malam so na gaske, in Malam ya yi tari sai ya ji abin a nasa ƙirjin.

A shekarar da gari ya ɗauki zafi tsakanin mutanensu da maƙwabtansu masu wani addinin, karatu ya kawo kan ayoyin yaƙi. Malam ya karanta su da muryar nan tasa mai tayar da tsikar jiki, ya fassara kalma bayan kalma, bai rage komai ba. Sannan ya ja numfashi, ya sauke murya, ya yi minti huɗu yana bayani. Ya faɗi a kan su wa maganar ta zo, a wane lokaci, da wanda ya fara kawo hari. Ya ce ba kowa ke da ikon ɗaukar makami ba don kawai aya ta ratsa shi, kuma wanda ya taɓa maƙwabcin da ke zaune da shi lafiya, ya tanadi amsar da zai ba Ubangijinsa. Mai Kaset ya ji daɗin wurin nan har ya ɗan ƙara masa ƙarfi a inji.

Da safe sai ga Malam a shago da ƙafarsa, abin da bai taɓa yi ba. Ko zama bai yi ba.

"Karatun jiya, ka tsayar da shi a ƙarshen fassara. Bayanin nan cire shi."

"Gaba ɗaya, Allah gafarta Malam?"

"Gaba ɗaya. Ana dukan mutanenmu, ni kuma in tsaya ina sanyaya musu gwiwa? Cewa za a yi na ji tsoro. In gari ya lafa zan sake bayanin. Na asalin ma goge shi, kada wani ya ɗauka."

Zuciyarsa ta gaya masa wannan ba daidai ba ne, kuma ƙarara ta faɗa, ba a kaikaice ba. Bakinsa kuwa ya ce, "To, Malam." Tun yana ƙarami aka koya masa ɗalibi ba ya tambayar malaminsa dalili, shi kuma darasin nan ya fi kowane zauna masa. Ya kunna inji, ya ɗora yatsa a maɓallin tsayarwa. Sai dai hannunsa ya makara da ƙiftawar ido, jan numfashin Malam ya shige ciki, numfashin mutumin da zai ci gaba da magana. A kansa kaset ɗin ya ƙare. Cikin mako guda ya kwafi ɗari uku.

Bayan sati uku aka yi kwana biyu ana abin da har yau mutanen unguwar ba sa kiran sunansa, sai dai su ce "lokacin nan". Motoci na yawo da lasifika a kai, muryar Malam na fita, wasu lasifikokin ma Mai Kaset ne ya gyara su. Mai gyaran agogon da ke kallon shagonsa, mabiyin wancan addinin, wanda suke shan inuwar bishiya ɗaya da rana, bai sake buɗewa ba. Babu wanda ya zo kwashe kayansa. Agogunan suka yi ta tsayawa ɗaya bayan ɗaya a bayan gilashi, Mai Kaset ya rantse yana jin kowanne in ya yi shiru. Ba ya cewa kaset ɗinsa ne ya kashe mutumin. Ya kuma kasa cewa ba shi ba ne.

Gari ya lafa, Malam bai sake bayanin ba. Karatu ya wuce gaba, kowa ya yi kamar ya manta. Sai da tsufa ya kama Malam, idonsa ya tafi, sannan ƙaninsa ya riƙo hannunsa ya kawo shi shago.

"Ragowar karatun nan," in ji Malam, "ka ajiye ta a wani wuri?"

"Ka ce in goge, Malam."

"Kuma ka goge."

"Na goge."

Malam ya girgiza kai ya ce, "Kai ma dai." Ka ji fa, wai shi ne da laifin jin magana. Mai Kaset ya ji haushi irin wanda bai taɓa ji ba, amma da ya buɗe baki sai ya ji kansa yana ba da haƙuri. Malam bai cika wata biyu ba ya rasu.

Zamanin kaset ya wuce, karatun bai wuce ba. Wani ya ɗora shi a waya, daga nan ya bazu inda ƙafar Mai Kaset ba ta taɓa zuwa ba. Yakan ji shi a tasi, a wurin aski, a aljihun mai wucewa. Duk inda ya ji sai ya tsaya cak har ƙarshe, almakashi ko sukundireba a hannu, yana jiran numfashin nan. Kuma kullum, na ɗan lokaci kaɗan, sai ya ɗauka yau mamacin zai ci gaba da magana. Tsoron wannan jira yake yi fiye da tsoron mutuwa.

Bara, da tsakar rana, 'yarsa Auta ta shigo shago da goyo a baya, ido jawur. Mijinta mai walda ne, mutum mai kunya, bai taɓa ɗaga mata murya ba. Ta ce wata uku ke nan ba ya jin komai a wurin aiki sai wani tsohon wa'azi. Ya daina gaida maƙwabta, ya bar wa abokinsa injin waldarsa, yanzu cewa yake zai bi wasu mutane zuwa inda ake aiki da aya, ba karanta ta kawai ba.

"Baba, ka yi masa magana, yana jin nauyinka."

Bai tambaye ta wane wa'azi ba ne. Ya ja ƙofar shago ya kulle, ya nufi wurin waldar.

Surukin yana ganinsa ya durƙusa ya gaishe shi, ya goge masa benci da gefen rigarsa. Mai Kaset ya zauna a cikin tarin ƙarafa da warin ƙonannen fenti, ya faɗi abin da ko matarsa bai gaya wa ba. Ya kawo minti huɗun nan da ka, kalma bayan kalma, har inda Malam ya yi gyaran murya. Sannan ya ce a kunna ƙarshen karatun a kasa kunne. Surukin ya kunna sau biyu, wayar manne da kunnensa.

"Baba, numfashi ne. Kowa ai yana numfashi."

"Na mai ci gaba da magana ne. Shekara tara ina sauraron numfashin mutumin nan."

"Ban da kai akwai wanda ya ji bayanin?"

"Zaure cike yake ranar."

"Suna ina?"

Wasu sun rasu, wasu sun bar garin. Waɗanda ya taɓa tuntuɓa kuwa fassarar suka riƙe, ita suka yi ta ji a kaset har ta danne sauran.

Surukin ya sunkuyar da kai. "Baba, ka gafarce ni, wallahi ba raini ba ne. Da bakinka ka ce ka rage wa maganar Malam a lokacin. Yaya zan san yanzu ba ƙara mata kake yi ba saboda 'yarka? In ma haka aka yi, ai Malam ne ya ce a cire. Ke nan shi ya ga ba a buƙatarsa."

Surukin ya rako shi har bakin titi, ya tsayar masa da mota, ya buɗe masa ƙofa. Ranar Alhamis da safe surukin ya bi mutanen nan ya tafi, ko kayan sawa bai ɗauka da yawa ba.

Auta ta dawo gidan ubanta. Ba ta iya zama ita kaɗai a ɗaki, sai take binsa shago ta zauna a kan akwatin wata tsohuwar lasifika, jaririyar a cinya, waya a hannu ko za a kira. Mijin ne ya gaya mata labarin yankan kaset ɗin kafin ya tafi, ta kwashe kwanaki ba ta tayar da maganar ba. Ran nan yana tsaka da haɗa waya sai ta ce:

"Baba, da ka ce wa Malam a'a, me zai yi maka?"

Ya ajiye abin da ke hannunsa. Shekara ashirin da biyar yana juya ranar nan a kansa, bai taɓa yi wa kansa wannan tambaya ba. Ya duba ko dukansa zai yi, ya duba kora, ya duba tsinuwa. Ya san Malam ciki da bai, ba ko ɗaya da zai yi.

"Zai ɓata rai," ya ce. "Ƙila ya yi sati bai amsa gaisuwata ba."

Auta ta dube shi, ta dubi 'yar da ke cinyarta.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."