Ni da Taubashina a Kan Ƙanƙara

Ƴan shekaru bayan babban fari ina tuƙin tarakta a wani aikin gyaran ƙasa da aka kawo yankinmu na Keita. Mu ne masu ɗebo dutse daga tudu mu kai wa masu jera shi a kwari don tare ruwa. Injunan na Nasarun Italiya ne, kuma duk wanda ya lalace sai ya kwanta a garaj yana jiran mai gyara daga Yamai. Da abin ya ishe su sai suka ce za a tura mutum biyu can ƙasarsu su koyo gyaran. Aka zaɓe ni, aka zaɓi taubashina, ɗan gwaggona, wanda ya ɗan girme ni.

Da an shawarce ni da wani na zaɓa. Ba wai ba ma shiri ba ne, tare muka tashi a Tamaske, akushi ɗaya muke ci. Sai dai shi ya taɓa zuwa bida, wato ci-rani, a Abijan, ya dawo da rediyo da baƙin tabarau, kuma tun daga ranar babu abin da za ka ambata a duniya wanda bai riga ya ga wanda ya fi shi ba. Da shef ɗinmu, shugaban aikin, ya ce mu shirya, tsakiyar sanyinsu za mu sauka, sai taubashina ya yi dariya.

"Wanda yay yi ban ruwan albasa da asuba cikin hwadama, ƙahwa cikin ruwa, wane sanyi za a gwada mai?"

Ni kuwa na tafi wurin tela. Telan bai taɓa ganin rigar sanyin Nasara ba, amma akwai wani tsohon soja da ke wuni a bakin shagonsa, wanda ya ce ya yi zaman Faransa, kuma ya ga mutumin da sanyi ya cire wa kunne. Da wannan bayani aka yi aiki. Tela ya samo kaki mai kauri ya ninka biyu, ya cusa kaɗa, wato auduga, a tsakani kamar mai ɗinka katifa, ya ƙara hula mai marufin kunnuwa. Ranar da na gwada ta hannuwana suka ƙi sauka, a karkace na fita daga shagon. Tsohon soja ya zagaya ni ya ce da ma an ƙara kaɗar a ƙirji.

Wurin aiki kuma aka ba kowannenmu jakar baya mai maɗauri biyu. Da inna ta gan ni da ita sai ta tambaya ko ta kawo mini majanyi, tunda na soma goyo. Ta gama dariyarta, ta karɓe jakar, ta cika ta da kuka da daddawa da gabu da yaji da kilishi, har na rasa inda zan sa wando na biyu. Taubashina ya ce shi namiji ne, ba ya goyo. Ya naɗe rawani ya yi gammo, ya ɗora jakarsa a ka. Haka ya bi da ita tashar mota, haka filin jirgi, haka tashar jirgin ƙasa a Italiya, hannuwansa cikin aljihu, mutane na darewa suna ba shi hanya.

Garin da aka kai mu yana arewacin ƙasar, rana ba ta cika leƙowa ba. Tun a tasha na ji haƙoran taubashina na haɗuwa, ya ce girgizar jirgi ce ba ta sake shi ba. Washegari na nemi dogon wandona na rasa, ashe yana ƙarƙashin nasa.

Mai koya mana aiki wani gajeren dattijo ne mai tumbi da farin gashin baki. Ya taɓa yin rani guda a Keita, ya ci tuwo a gidanmu ba sau ɗaya ba. Faransancinsa a karye yake kamar namu, Hausa kuwa kalma ɗaya ta zauna masa, wato "madalla", kuma da ita yake komai. In inji ya tashi, madalla. In guduma ta faɗo maka a ƙafa, madalla. Da ƙarshen shekara ya zo za a rufe garaj don sallarsu, sai ya ce ba zai bar mu a ɗaki muna kallon bango ba, mu ɗauki jakunkunanmu mu bi shi duwatsu, inda surukarsa ke da gidan saukar baƙi.

Muka shiga jirgin ƙasa, muka sauka muka shiga mota, inda mota ta ƙare muka kama ƙafa. A nan na fara taka dusar ƙanƙara. Na ga hotonta a littafin lekol, lokacin ina ɗan makaranta, amma hoton bai gaya mini shirun ba. Babu kukan akuya, babu sautin turmi, ko tsuntsu babu, sai ƙarar takalminka da numfashinka. Na tsaya ina kallon duwatsun, fari har inda ido ya tsaya, na yi tasbihi a zuci.

Hanyar gidan hawa ce, ta cikin itatuwa masu rassa ƙasa-ƙasa. Jakar taubashina tana bisa kai, duk reshen da ta taɓa sai ya juye masa ƙanƙara a wuya. Ya karkaɗe ya ci gaba da tafiya. Can a wata kwana ƙafarsa ta zame, ya zauna daɓas, jaka ta bar gammo ta gangara tana tsalle har gindin tudun da muka sha wuyar hawa. Malaminmu ya leƙa ya ce madalla. Muka zauna muna jira ya sauka ya ɗauko. Da ya iso, jakar tana bayansa, maɗauri biyu a kafaɗa.

"Kak ka hwaɗi gida," in ji shi.

Na ce masa ya kwantar da hankalinsa. Ranar da muka koma Tamaske, kafin in sha ruwa na faɗa.

Da safe aka kai mu rumfar da ake ba da kayan sulu a kan ƙanƙara. Iri biyu ne. Akwai dogayen katako biyu, ɗaya a kowace ƙafa, da sanduna a hannu, irin wanda malaminmu da sauran manya ke hawa. Akwai kuma wani sabon yayi da samari suka ɗauko a shekarun, allo ɗaya mai faɗi, a ɗaure maka ƙafafu duka biyu a kai, ka tsaya a karkace, babu sanda. Taubashina ya ce ai lissafin a fili yake, mai katako biyu in ɗaya ya yi gabas ɗaya ya yi yamma ya zama mutum biyu. Ya ƙara da cewa shi da yake tsayuwa a bayan tirela cike da dutse a hanyar Tama ba tare da ya riƙe komai ba, allo ba zai ba shi tsoro ba. Malaminmu ya yi ta girgiza kai yana nuna masa gwiwa da ƙugu, bai saurara ba. Ni ma na ɗauki allon, don na san in na ɗauki sanduna zai riƙa kirana tsohuwa har mu tsufa.

Aka ɗaure ni, na miƙe. Allon bai jira na shirya ba, ya yi gaba ya bar ni, na faɗi ta baya. Ban ji zafi ko kaɗan ba, a nan na sa wa tela albarka. Da na zo tashi ne na gane matsalar. Rigar ba ta lanƙwasuwa, ƙafafu a ɗaure, ina kwance ina wutsil-wutsil kamar buzuzun da aka kifar. Wasu mata biyu suka kama hannuwana suka ɗaga ni, na yi godiya, na sake faɗuwa a gabansu. Suka sake ɗaga ni. Daga baya ɗayar ta riƙa bina a hankali, don kada ta yi nisa a sake kiranta.

Ina kwance a faɗuwa ta ban san nawa ba taubashina ya wuce ni. Ya hau har saman gangaren, kuma bai tambayi kowa yadda ake tsayawa ba. Hannuwa a buɗe, baki a buɗe, yana karanta duk surar da ya haddace da ƙarfi, wata na shiga cikin wata. Ya ratsa layin masu jiran hawa, suka watse kamar kaji, ya nufi wani tarin ƙanƙara da aka share a bayan gidan abinci ya shige ciki. Allo da ƙafafu kawai ake gani. Da aka jawo shi, abin da ya fara tambaya tabarau ɗinsa. Na yi dariya har hawayen suka daskare mini a kumatu. Na ce a raina na samu abin da zan riƙa yi masa tsiya da shi har ƙarshen rayuwa.

Sai ya kakkaɓe jikinsa ya koma sama. Ya faɗi, ya koma. Kafin la'asar ya iya tsayawa, washegari ya iya juyawa dama da hagu. Har yau abin na ci mini rai, mutumin da ya yi shekaru yana cika baki a kan abin da bai sani ba, ranar da na samu damar kama shi sai ga shi ya iya da gaske. Samarin wurin suka ɗauke shi aboki. Duk sanda zai wuce ni sai ya rage gudu ya ba ni shawara.

Rigata kuwa, a rana ta biyun, ta wuni tana shan ruwa. Da rana ta yi sanyi na ji kamar ɗan maraƙi nake ɗauke da shi, a hanyar gida kuma ta daskare. Mutum biyu suka taru suka zare ni daga cikinta. Muka ajiye ta a zaure ta tsaya da kanta, hannuwa a buɗe, hula a sama. Surukar malaminmu, wata ƴar tsohuwa mai baƙaƙen kaya da ba ta gani sosai, ta shigo da itace ta gaishe ta, ta jira amsa.

Daga ranar na bar musu dutsensu na zauna a gida kusa da murhu. Da hantsi na ga tsohuwar ta ɗora tukunyar tagulla, tana zuba wani gari rawaya tana tuƙawa da muciya. Na matso na duba da kyau. Tuwon masara ne, babu ko tantama. Ta juye shi a kan faranti na katako, ta yanka da zare, ta ɗora cuku a gefe ta miƙo mini. Na jira miya, ba ta zo ba. Na ci don kunya, amma raina bai kwanta ba, a ce mutane sun iya tuƙa tuwo haka sumul babu gudaji, su rasa abin da za su ci shi da shi.

Ba ta jin Faransanci, ni ba na jin yarenta. Na nuna wata ƙaramar tukunya, na nuna ƙirjina, ta ɗaga kafaɗa. Na kwance jakata. Da na jefa daddawa cikin ruwan zafi, karen gidan ya tashi ya fita, ita kuma ta buɗe taga duk da sanyin. Na sa gabu da yaji da man shanu, na yayyaga kilishi a ciki, na kaɗa kuka. Ta sa cokali ta ɗebo, ta tsaya tana kallon yadda miyar ke bin cokalin ba ta tsinke ba. Ta ɗanɗana, ta sake ɗanɗanawa. Sai ta ɗebo gishiri ta ƙara ba tare da ta tambaye ni ba, ta ture ni gefe ta karɓi kaɗin.

Da magariba baƙin gidan suka dawo, aka zuba wa kowa. Wani dogon Bajamushe ya kai loma biyu, ya tuɓe rigar sanyinsa, ya fita waje ya cika bakinsa da ƙanƙara, ya dawo ya miƙo kwanonsa a ƙara. Malaminmu yana ci yana share hawaye da gashin baki, a wannan karon madallarsa ta faɗi a inda ya dace. Taubashina ya shigo leɓe a fashe, ya wanke hannu, ya share kwano uku, sannan ya ce kukar ta yi ruwa. Da za mu sauko daga dutsen na bar wa tsohuwar sauran kukar da yajin. Daddawar ce ta mayar mini da hannu biyu.

Mun koma gida zafi ya fara. Taubashina ya ba da labarin allonsa a tasha, ya ba da shi a bakin masallaci, babu wanda ya yarda, saboda an san shi. Aka zo wurina neman shaida, na ce ni dai abin da na fi tunawa ƙafafu biyu a sama. Abin ya dame shi ƙwarai, karo na farko yana da gaskiya kuma babu mai saye.

Wata rana da yamma ya cire ƙyauren ɗakin ajiyar gwaggo, lokacin tana gidan suna, ya kai shi tudun rairayi da ke bayan gari. Rabin unguwa suka bi shi. Ya ɗaure ƙafafunsa da igiyar guga, ya tsaya a karkace, ya buɗe hannuwa, ya durƙusa kaɗan kamar yadda samarin can suka koya masa. Ƙyaure bai motsa ba. Ya yi tsalle, ya girgiza ƙugu, shiru. Ya ce a tura shi. Ƙarti biyu suka tura, bakin ƙyauren ya nutse cikin rairayi, shi kuma ya wuce gaba da fuska cikin ƙarangiya.

Muna cire masa ƙaya aka aiko cewa gwaggo na nemanmu. Mun tarar awaki sun shiga ɗakin sun yi wa wakenta da harawa aiki, ita tana zaune a bakin ƙofar da babu ƙyaure. Ba ta yi faɗa ba. Ta dubi fuskar ɗanta, ta juyo wurina.

"Kai ɗan nan, tsakaninka da Allah, can ƙasar Nasara ya yi abin ga da yaka hwaɗi?"

Da taron unguwa ne da na san abin da zan ce, amma gwaggo ce, kuma ta haɗa ni da Allah. Na ce, "Ya yi, gwaggo. Har ya hi wasu Nasarun iyawa."

Ta gyaɗa kai, ta ce to madalla, in marmarin ya sake taso mai ya koma can ya cire ƙyauren uwar wani. Ta miƙa masa guduma, ni kuma ta ce in riƙe masa ƙyauren.